Akwatuna Biyu a Cikin Sunan Papa

Sama da shekara sittin Papa yana amsa sunan da ba nasa ba. Sunansa Gbɛnakpɔn, haka kakata ta raɗa masa, haka kuma duk wanda ya san shi tun Abomey yake kiransa. Amma ranar da aka kai shi makaranta, magatakardan da ya rubuta shi kunnensa bai kama farkon sunan ba, bai kama tsakiyarsa ba, sai ya rubuta Benapon ya danna hatimi. Daga nan sunan ya manne masa. Yana kan katin aikinsa na tashar jiragen ruwan Cotonou, yana kan takardar aurensa da Mama, yana kan takardar haihuwata. In aka kira Benapon a layin asibiti, sai Papa ya ɗan yi jim kafin ya tashi, ko wani zai riga shi amsawa.

Ni kuwa Fifame, 'yarsa ta uku, wadda bakinta ke riga hankalinta fita, ni na jawo wa kaina. Ƙungiyarsu ta tsofaffin ma'aikatan tasha za ta cika shekara ashirin da biyar, za a yi wa mambobi sababbin katuna. Shugabansu, Tonton Zinsou, wato kawu Zinsou, ya zo gidanmu a Akpakpa wata Lahadi, yana cin amiwo, jan tuwon masararmu, yana mita, wai duk mai buga katin da ya je wa sai ya ce injinsa ba shi da haruffan Fon, harshenmu. Ban ma haɗiye lomar da ke bakina ba na ce ni zan yi. Kowa da sunansa yadda uwarsa ta kira shi, da ɛ ɗinsa da ɔ ɗinsa. Papa ya tsame hannu daga kwano ya dube ni, ni kuma na san wannan kallon, ya riga ya ɗauki maganar ya adana.

Aikina rubuta manhaja ne, ni da Gildas, a wani ɗaki da ke saman shagon tela a Fidjrosse. Gildas ya girme ni da shekara shida, yana da mata da tumbi, amma Dada yake ce min, wato yaya, wai don na fi shi faɗa. Ba daga tushe muka faro aikin ba. Wasu mutane ne a Poland suka yi manhajar buga katunan ɗakunan karatu na ƙauyukansu, suka bar ta a buɗe, duk mai so ya ɗauka ya gyara. Muka ɗauka, muka sauya mata fuska, muka sa tambarin ƙungiya.

Kwamfutar ofishin ƙungiya ta tsufa tukuf, ba wanda zai zauna yana saka mata abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Don haka sai a ɗaure manhajar da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, a rufe, a ba shi suna da lamba, a ajiye a intanet. Duk kwamfutar da ta sauke shi, zai yi mata aiki yadda aka ɗaure shi. Wannan ƙunshin shi muke kira kwantena. Kuskurena na farko shi ne furta wannan kalma a gaban mutumin da ya shekara talatin da ɗaya yana duba kwantenoni a tasha.

"Kwantena?" in ji Papa. "Ta ƙafa ashirin ko ta arba'in?"

"Papa, ba ta ƙarfe ba ce."

"To ta mece ce?"

"Ba ta komai ba ce. A cikin kwamfuta take."

"Kwantenar ce a cikin kwamfuta, ko kwamfutar ce a cikin kwantena?"

Kafin mako ya zagayo duk ƙungiya ta ji cewa 'yar Gbɛnakpɔn ta shiga harkar kwantena. Wani tsoho har ya kira ni a waya yana roƙon in taimaka wa surukinsa ya fito da kayan gyaran mota da suka maƙale a tasha.

Akwai wani abu na mutanen Poland ɗin da ya ba mu sha'awa. Suna da gwaji mai tashi da kansa a wata kwamfuta can a intanet. Duk sanda wani ya taɓa manhajar, da kuma kowace safiya ko ba wanda ya taɓa, gwajin zai ɗauko kwantena, ya kunna ta, ya sa ta buga kati fari fat, ba tambari ba ado sai suna guda, sannan ya duba ko duk haruffan sun fito. In lafiya lau, alama ta yi kore. In da matsala, ta yi ja. Har hoton katin yake ajiyewa don mutum ya gani da idonsa. Rubuta irin wannan zai ci mana mako biyu, mu kuma mako uku ne gaba ɗaya a hannunmu.

"Dada," in ji Gildas, "mutane sun dafa sun ajiye, sun ce kowa ya zo ya ɗiba, ke kuma kina neman gawayi?"

Na kwafo takardar gwajin sukutum. Na nemi inda suka sa sunan gwaji, wani suna nasu mai cike da ɗigo da sanduna, na goge na rubuta na Papa. Na tura. Muka zauna muna kallon alamar tana juyi. Bayan minti huɗu ta yi kore, na buɗe hoton, sai ga shi baƙi a kan fari: Gbɛnakpɔn. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na ce wa Gildas fanka ce ke hura min ƙura.

Ran Lahadi na nuna wa Papa hoton a wayata. Ya sa tabarau, ya nisantar da wayar, ya kusantar. Karatun Faransanci kawai ya yi, bai taɓa ganin sunansa da waɗannan haruffa ba. Ya sa yatsa a kan ɛ ya ce wannan ai e ce ta wangale baki. Ya sa a kan ɔ ya ce wannan kuma o ce ɓera ya ci gefenta. Mama tana ta dariya, shi bai yi ba. Ya ce in tura masa hoton a tasa wayar, kuma daga ranar duk baƙon da ya shigo gidan sai ya kalla kafin a ba shi ruwa.

Matsalar farko da muka ci karo da ita nauyi ne. Gildas ya je ofishin ƙungiya a Ganhi ya gwada sauke kwantenarmu, intanet ɗinsu ya ja tun safe har la'asar sannan ya yanke. Ya dawo yana zufa ya ce sai an rage mata kaya. Ya ɓullo da dabara: ya cire abu ɗaya, ya tura, ya jira alama. In ta yi kore, abin ba shi da amfani ke nan. Ya cire na farko, kore. Ya cire na biyu, kore. Kwana biyu yana ta cirewa, alamar ko gezau ba ta yi ba.

"Turawan nan tarkace suke tarawa kamar kakata," in ji shi. "Dubi wannan. Jakar haruffa ce, rabin nauyin duk ita ce. Haruffan Sin, haruffan Indiya, har da na wasu da ban san ko suna raye ba. Me tsofaffin tasha za su yi da su?"

"Kar ka taɓa haruffa, Gildas."

"Bari mu tambayi alama mana. In ta yi ja, in mayar in ba ki haƙuri."

Ya cire. Kore. Na buɗe hoton, sunan Papa na nan cif, ba abin da ya gutsure. In haruffan ba a jakar nan suke ba, to a ina suke? Na kunna manhajar a kan tawa kwamfutar, ita ma ta buga daidai, na manta cewa tawa kwamfutar tana da nata haruffan tun fil azal. Gildas ya ce wataƙila akwai wata ƙaramar jaka a can ƙasa. Na ce wataƙila. A raina ban gamsu ba, amma ya zan yi gardama da abin da nake gani da idona?

Sai kuma ran wata Talata muka shigo da safe muka tarar da ja. Ba wanda ya taɓa komai tun Juma'a, Litinin ruwan sama ya cika unguwa ba mu ma fito ba. Na zargi Gildas, ya rantse da 'ya'yansa. Ya zarge ni, na ce ya kiyaye ni. Muka bi layi-layi muna nema, muka mayar da abu biyu da ya cire, ja. Muka sake cirewa, ja. Wajen ƙarfe biyu muka sauka cin abinci, da muka hau sama alamar ta koma kore da kanta.

"Me ka yi?"

"Shinkafa na ci, Dada. A gabanki."

Gildas ya ce damina ce, wai ruwa na shiga wayoyin ƙarƙashin teku. Na ce in ruwa na damun wayar da ke kwance a cikin teku, ai da tuni duniya ta tsaya. Ya ce to ki kawo naki bayanin. Abin da muka ɓata gwajin ya ce lafiya, abin da ba mu taɓa ba ya ce ya lalace. Na fara jin tsoron buɗe kwamfuta da safe.

Ran Juma'a ta sake yin ja. Na haƙura na rubuta wa mai kula da aikin can Poland, wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin karatu mai suna Jadwiga. Na gode mata da gwajin, na ce mun ara, amma yana yi mana wani abu kamar mai aljanu. Bayan awa uku ta amso cikin fara'a. Ta ce ta ji daɗi da aikinsu ya kai har Benin. Ta ce abin mamaki, su ma nasu ya yi ja yau da safe, wani ɗan kuskure suka yi, sun gyara yanzun nan. Ta ce ran Talata ma haka. Na juya na dubi tamu alamar, ta riga ta koma kore.

Gildas ya tafa hannu ya miƙe tsaye.

"Shi ke nan! Tagwaye ne!"

"Su wa?"

"Tamu da tasu. Ciki ɗaya suka fito. Ba ki taɓa ganin tagwaye ba? Ɗaya na Parakou ɗaya na nan, in wancan ya yi zazzaɓi wannan ma sai ya kwanta. Tambayi Tonton Zinsou, ai shi ma ɗan tagwaye ne. Sai mu riƙa saya musu alewa iri ɗaya kawai."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Abin kunyar shi ne bayan dariyar na karɓi maganar. Ba wai na yarda kwantena na da tagwaye ba, amma na ce a raina, tunda tushe ɗaya ne, wataƙila akwai wani abu can da dukansu ke jingina da shi. A garin da ake zuba wa tagwaye abinci a kwano biyu iri ɗaya na tashi, abu biyu su yi ciwo tare ba ya ba ni mamaki yadda ya kamata. Na aika wa Jadwiga alamar dariya na rufe zancen.

Ana jibi biki, da hantsi, sai ga ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya sauke Papa a ƙofar shagon tela. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya hau matakala yana haki, da rigarsa mai aljihu huɗu ta zamanin tasha, ya ce ya zo ganin kwantena kafin a yi lodinta. Gildas ya ba shi kujera yana danne dariya. Na juyo masa da kwamfutar na nuna masa layin alamomi, kore a kan kore.

"Wannan me yake cewa?"

"Yana cewa an duba, lafiya lau."

"Wa ya duba?"

"Inji, Papa. Shi ba ya gajiya, ba ya karɓar na goro."

"Madalla da shi. Ya duba lamba?"

"Wace lamba?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce a tasha takarda za ta zo ta ce kwantena kaza an buɗe an gani, komai daidai. Shi bai taɓa sa hannu a kan takarda ba sai ya taka da ƙafarsa, ko rana ko ruwa, ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen, ya haɗa da ta takardar. Ya ce akwai shekarar da mutum huɗu suka wuni suna sauke kaya suna ƙirgawa, aiki mai kyau, ba abin da suka tsallake, ashe ta kusa da ita suka buɗe.

"Papa, namu ba haka yake ba. Nan ba a jere suke a fili ba, ba yadda za a yi a buɗe ta maƙwabci."

"Tonton, wannan kwantenar zamani ce," in ji Gildas. "Ita da kanta take kawo kanta."

Papa ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "To." Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tambayi ko telan ƙasa yana ɗinka wando da kyau, ya tafi. Na tsaya a taga ina kallonsa yana ciniki da ɗan zem, har na ji ɗan tausayinsa, tsoho yana ta auna duniyar yau da ma'aunin jiya. Yanzu in na tuna wannan tausayin sai in ji kamar in nutse.

Ran Asabar aka kafa rumfuna a harabar ofishin ƙungiya. Tsofaffi suka zo cikin anko shuɗi mai hoton jirgi, wasu tun daga Ouidah, wasu daga Porto-Novo, wasu an riƙo su a hannu. Injin buga katin roba aro ne, a safiyar aka kawo shi, da yamma za a mayar. Kwantenarmu da ta rame ta sauka cikin minti ashirin, Gildas yana ta yi min kallon ai na faɗa miki. Na fita gaida mutane, don 'yar Gbɛnakpɔn ba za ta wuce abokan ubanta ba tare da durƙuso ba. Gildas kuma ya zuba fararen katunan duka, ɗari da arba'in da uku, ya danna, ya ga na farko ya fito da kyau, na Tonton Zinsou ne, sai ya tafi taya mata ɗaukar tukwane.

Da na dawo injin ya yi shiru, katunan na kife a tire. Na juya na sama. Inda ya kamata a ga ɔ, wani ɗan akwati ne a tsaye, mai kusurwa huɗu, ba komai a cikinsa. Na juya na biyu, akwati uku. Na uku lafiya, sunansa ba shi da haruffanmu. Na zube su a tebur ina tonawa har na samo na Papa. Ga hotonsa, ga tambari, ga suna: Gb□nakp□n.

Gildas ya shigo da cinyar kaza a hannu. Ya kalli tebur, ya ajiye kazar a kan injin mutane.

"Amma ai kore ne," in ji shi. "Yau da safe ma kore ne. Na duba."

Na buɗe wayata. Kore. Na buɗe hoton safiyar, sunan Papa na nan cikakke. Na ɗora wayar kusa da katin, suna ɗaya, safiya ɗaya, wannan da haruffa wancan da akwatuna. Kaina ya ɗaure tamau. Sai muryar Papa ta faɗo min, ba wata hikima ba, tambayar nan dai tasa ta ranar Alhamis. Na buɗe takardar gwajin da na kwafo, na fara karantawa daga layin farko, abin da ban taɓa yi ba. A layi na tara aka rubuta wace kwantena za a ɗauko. Sunan ta mutanen Poland ne a wurin, da lambarta.

Mako uku injin nan yana tashi kowace safiya, ya je ya ɗauko kwantenar Jadwiga, ya sa ta rubuta sunan ubana, ya dawo ya ce mana lafiya lau. Tamu kuwa ba wanda ya taɓa leƙa cikinta. Gildas ya yi ta kwashe mata kaya har da haruffa, mu kuma muna tafa wa maƙwabciya.

"Ba tagwaye ba ne," na ce.

"Dada..."

"Kar ka ce min Dada. Ni na kwafo. Ni ce ban karanta ba."

Gyaran ba wuya, a mayar da jakar haruffa. Amma sauke ta a wannan intanet sai yamma, kuma ko ta sauka, fararen katunan sun ƙare. A waje har an fara gwada lasifika. Tonton Zinsou ya leƙo ya ce a kawo, jama'a na jira. Na miƙa masa tiren, na yi masa bayani cikin kalmomin da ni kaina ban san me suke cewa ba. Ya ɗaga kati ɗaya ya karkata kai.

"Waɗannan tagogin fa? Ado ne?"

"Kuskure ne, Tonton."

"To ai mutane sun zo. Ba zan mayar da tsoho Ouidah hannu rabbana ba."

Na laɓe a bayan rumfa kusa da masu abinci. Ya fara kira. In ya zo kan kati mai akwatuna, ba abin karantawa, sai ya kalli hoton, ya ɗaga kai ya kira mutumin yadda ya saba kiransa a bakin jirgi. Wasu suka karɓa suna juya katin, wasu suna tambayar na kusa ko nasa ma haka ne. Wani ya ce ai 'yar kwantena ce ta buga, shi ya sa ta sa wa kowa tasa. Dariya ta tashi rumfa guda. Ni dai ina tsaye fuskata na zafi.

"Gbɛnakpɔn!"

Papa ya miƙe tun kafin lasifikar ta gama amsa kuwwa. Bai yi jim ɗin nan ba. Ya je ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya a tsakiyar fili ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan maimakon ya koma kujerarsa, sai ya ratsa ta cikin mutane ya nufo inda nake. Da ƙasa za ta tsage da na gode mata.

"Me ke cikin akwatunan nan?"

"Ba komai, Papa. In inji ba shi da harafi, haka yake yi."

"Wato ya ce bai sani ba."

"E."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Magatakardan makaranta can bai ce bai sani ba."

Na ce, "Ba mu duba lamba ba, Papa. Ta maƙwabta muka yi ta buɗewa." Na jira ya ce ai na faɗa miki. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Ya juya ga matar da ke rubuta sunaye a jikin kulolin abinci ya ari alƙalaminta mai bakin tsini, ya ciro wayarsa ya nemo hoton nan da ya nuna wa rabin Akpakpa, ya ba ni in riƙe masa. Ya ɗora katin a kan murfin kula ya sunkuya.

Akwatin farko ya cike shi da e mai wangalallen baki, harshensa a tsakanin haƙora, hannun da ya saba da ƙarfe yana fama da abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya koma na biyu. Ya kalli waya, ya kalli kati, ya zana. Ya ɗago yana murmushi, irin wanda ban ga ya yi ba tun ranar da ya bar aiki.

"Daidai ne?"

Ashe ya juya harafin. Gefen da ɓera ya ci yana dama maimakon hagu, c ce kawai ta Faransanci ya rubuta. Ba wanda zai lura a duk rumfar nan. Bakina har ya buɗe zai ce daidai ne, don murmushin ya zauna. Na tuna mako ukun da aka yi ana faɗa min abin da nake son ji.

"A'a, Papa. Na biyun ka juya shi."

Murmushin ya ɗan ja baya. Ya karɓi wayar ya kanga ta da katin, ya duba wannan, ya duba wancan, yadda na san ya yi shekara talatin da ɗaya yana yi a rana. Sannan ya lashi babban yatsansa, ya goge akwatin tun tawadar ba ta bushe ba, ya mayar min da wayar, ya sake sunkuyawa.

"Riƙe min da kyau," in ji shi.